Garkar Gwaji a Cikin Gida da Noman Gado: Abin da Muka Gani a Dawce



Kowa ya san yadda tukunyar miya take komawa idan bazara ta yi tsakiya. Daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, a nan Dawce da ƙauyukan da ke kewaye da ita, miya ba ta sake kama. Yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi a koma kuka. Ɗanyen ganye sai ranar kasuwa, shi ma sai mai kuɗi. Babba yana iya jurewa. Yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu ba ya iyawa. Daga wannan lokaci har zuwa tsakiyar damina ne layin mata yake tsawo a gidan likita, ana auna dantsen yara da zaren nan mai launi uku: kore, rawaya da ja. Wanda awonsa ya faɗa cikin ja, tamowa ta riga ta kama shi sosai.

Aikina shi ne zagaya cibiyoyin yaƙi da jahilci. A azuzuwan mata na sha jin gardama iri ɗaya. Wasu sun ce ma'aikatan ayyukan raya karkara sun koya musu shuka ganye a cikin buhu ko a wani lungu na tsakar gida, kuma abin yana da amfani. Wasu sun ce wannan wasan yara ne, kakanninmu ba su yi ba, kuma ba su mutu da yunwa ba. Da na ga gardamar ba ta ƙarewa, sai na ce gani ya kori ji. Na yi gwajin a gidana, rani biyu a jere. Abin da na gani shi ne zan faɗa muku, da daɗinsa da ɗacinsa.

Abin da muka gada

Kafin mu yi maganar sabo, mu ba tsoho haƙƙinsa. Noman gadonmu noman gandu ne. Maigida da ƙannensa da ƴaƴansa suna noma gona ɗaya, ana zuba amfanin a rumbu ɗaya, ana ci daga tukunya ɗaya. Matan gida da samari kuma kowa da ƴar gamanarsa.

Wanda ya ce manomin gargajiya gero kaɗai ya sani, bai taɓa shiga gona da idon basira ba. A ƙarƙashin gero wake yana yaɗo. A kan iyakar gona an jera yakuwa. Inda ƙasa ta yi ɗan kwari an sa kuɓewa. Ga riɗi, ga gujiya, ga gyaɗa. A bayan gida kabewa da duma sun hau danga. Ban da waɗannan akwai ganyen da Allah yake fitarwa ba tare da an shuka ba: tafasa, lalo, gasaya, yaɗiya. Da kaka mata su yanka kuɓewa su shanya, su tara kuka, su dafa ƴaƴan yakuwa su yi daudawar batso. Iri kuma a zuba a gora, a haɗa da toka, a toshe, a rataye. Ba a sayi kome ba. Ba a ja guga ko ɗaya ba, ruwan sama ne ya yi aikin.

To, amma wannan noma na wata huɗu ne kawai, daga Yuni zuwa Satumba. Kuma gonar da ta ɗauke shi ta ƙanƙance. Yankinmu na Kance da Matameye yana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa ne suka raba ta. Ba a barin saura ta huta kamar da, alhali a cikin saura da bakin daji ne ganyen nan na kyauta suke fitowa da yawa. Idan kuma damina ta gaza, kamar a 1984, ko a 2004 da fari da fara suka haɗu har aka shiga matsin 2005, sai hatsi da kayan miya su gaza tare.

Bayan farin 1984 ne gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira da babbar murya a kan noman rani. Waɗanda suke da fadama a kwarin Korama, kamar mutanen Dungu, inda ruwa yake kusa, suna noman rake da rogo da kayan lambu. Amma mutumin da ke kan jigawa, wanda rijiyarsa take cin igiya mai tsawo, ba shi da wurin yi. Da rani ba aiki, sai ci-rani. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a cikin hamada a kan hanyar Aljeriya. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma da yawa daga cikinsu ƴan wannan yanki namu ne. Ba na cewa garka ƴar ƙarama za ta hana mutum tafiya. Ina dai tuna mana nauyin maganar abinci da rani a ƙasarmu.

Yadda na yi gwajin

Na ware wani wuri a kusurwar gida, tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 2. Na kewaye shi da darni na kara. Na raba aikin gida uku.

Na farko fangali ne irin na masu lambu, wanda ake bai wa ruwa da bokiti ko butar ban-ruwa. Na biyu buhu ne. Ana samun tsohon buhun hatsi, a haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a cika shi, a bar layin tsakuwa a tsakiya tun daga gindi har sama domin ruwa ya riƙa sauka. Sai a tsaga ƴan ƙofofi a jikin buhun a dasa, a dasa kuma a samansa. Na uku tulu ne. Ana binne sabon tulun ƙasa har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa, a shuka kewaye da shi. Ruwan yana tsatsowa ta jikin tulun a hankali, saiwoyi suna sha. Tulun da aka shafa wa siminti ko fenti ba ya yi. A sami mai zufa, irin wanda yake sanyaya ruwa, kamar na maginan Mirya.

Akwai dabara ta huɗu da ban gwada ba saboda tsadarta, wato ban-ruwa ɗigo-ɗigo ta cikin siraran tiyo. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yi aiki a kanta sosai. Tana rage wahalar ɗaukar ruwa, amma tana son tanki da tacaccen ruwa, in ba haka ba ƙofofin tiyon su toshe.

A ranin farko na yi kuskuren da ɗan boko yakan yi. Na raina kayan gida. Na sayo irin salati da shu da karoti da tumatir a cikin ƴan takardu masu hoto. Mahaifiyata ta zo ta tsaya a bakin darni, ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce: "Malam, wannan duka da wanne za a ci tuwo?" Na ce: "Inna, ai na zamani ne." Ba ta ƙara cewa kome ba, ta koma ɗakinta.

Cikin ɗari kome ya yi kyau. Salati ya yi lif, maƙwabta suna leƙowa. Karoti ma ya yi, sai dai wanda na tumɓuke na dasa ya fito a karkace mai ƙafa biyu, domin shi ba a dasa shi, inda aka shuka nan yake zama. Daga nan tsutsa ta shiga shu, ta mai da ganyen kamar rariya. Da zafi ya fara a ƙarshen Fabrairu, salati ya miƙe ya yi tsawo, ya yi fure, ya yi ɗaci. Tumatir ya yi ta fure yana zubarwa, domin ba ya ɗaure ƴaƴa idan zafi ya tsananta. Rana ta cinye buhunan, suka fara yagewa, ƙasa tana zuba. Wata rana kuma aka bar ƙofar darni a buɗe, akuya ta shiga. Abin da ta bari ba shi da yawa.

Ashe a daidai lokacin da gida ya fi bukatar ganye, wato Afrilu da Mayu, garkata ba ta da kome. Ta ba mu ganye ne a lokacin da ganye yake da araha a kasuwa.

Akwai wani abin da ya ƙara ba ni kunya. Na ajiye irin tumatir ɗin da ya fi kyau, na shuka shi a shekara ta biyu. Ya fito barkatai, wani ƙarami, wani ba ƴaƴa. Da na koma na duba takardar irin, sai na ga an rubuta F1. Wannan alama tana nufin iri ne da aka yi wa aure. Yana ba da amfani mai kyau sau ɗaya, amma ƴaƴansa ba sa gadon uwa, sai an sake saye kowace shekara. Ga amfanin karatu a fili. Duk wanda zai sayi iri, ya duba ko akwai wannan alama, ya duba kuma ranar da irin zai lalace.

A rani na biyu na sauke girman kai. Na je wurin Inna na roƙi iri. Ta sauko da gorarta, ta ba ni yakuwa da alayyafo da kuɓewa da rama. Zogala kuma na riga na shuka ta tun cikin damina, a gefen darni, domin ta kama ƙasa da ruwan sama. Da ta kai tsawon ƙugu sai na datse kanta, ta yi rassa. Wannan karon abin ya bambanta. Alayyafo wata ɗaya ya isa yanka, kuma in an yanka yana sake tohowa. Kuɓewa ta yi nawa cikin sanyi, amma da zafi ya shigo sai ta miƙe. Zogala kuwa ita ce ta riƙe mu har faɗuwar ruwa. Mun ci dambu, mun ci kwaɗo, an sa a miya. Cikin dabaru ukun, tulu ne ya fi ba ni sha'awa: ba a cika shi kullum, ciyawa ba ta fitowa da yawa, kuma iska ba ta shanye ruwan. A dai riƙa rufe bakinsa saboda sauro.

Ke nan dabarar sabuwa ce, amma irin na Inna ne.

Lissafin ruwa, da wanda yake ɗaukarsa

Nan ne ake yawan ɓoye gaskiya. Kowane mita ɗaya na fangali, tsawo da faɗi, yana shan ruwa wajen lita 6 a yini cikin ɗari. Da bazara yana iya kai lita 9. Wuri kamar nawa, mai mita 5 da mita 2, in duka fangali ne, yana bukatar lita 60 a yini, wato kusan bido 2 da rabi mai cin lita 25. Da bazara kusan bido 4. A wata ɗaya na ɗari bido 72 ke nan. Wa zai ɗauko?

A gidana, kwanakin da nake yawon zagaya, aikin ya faɗa kan maiɗakina da ƴata, bayan daka da girki da ruwan sha. Ni na ce a yi gwaji, su suka ja guga. Ban lura ba sai da aka faɗa mini, kuma an faɗa mini da gaskiya. Saboda haka, ya kai maigida, kafin ka kafa darni, ka zauna da iyalinka ku yi shawara. In ba za ka ɗauki bido ba, ko ka ba da amalanke, to kada ka faɗaɗa wurin.

Ana iya rage wahalar. Ruwan alwala da ruwan da aka wanke hatsi ko ganye da shi, duk suna da kyau ga shuka. A tara su a bokiti. Amma ruwan wanki mai omo ko jabel yana ƙona shuka, yana ɓata ƙasa. A rufe gindin shuka da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa. A ba da ruwa da sassafe ko da maraice.

Sai kuma lissafi na biyu. Mutum ɗaya a ƙauye yana cin hatsi fiye da kilo 200 a shekara, wato fiye da tiya 80. Gida mai mutum 8 yana bukatar fiye da buhu 16. Babu garkar tsakar gida da za ta ba da ko buhu ɗaya. Duk wanda ya ce maka garka za ta maye gurbin gandu, ya yaudare ka. Tuwo daga gona yake fitowa. Abin da garka take bayarwa shi ne abin da gona ba ta iya bayarwa da rani, wato ɗanyen ganye kullum a bakin murhu.

Abin da ganye yake yi wa jiki

Gero yana ƙosarwa, yana ba da ƙarfi. Amma akwai sinadaran da ba shi da su isassu. Ɗaya daga ciki shi ne bitamin A. Rashinsa ne yake kawo dundumi, yaro ko mace mai ciki su kasa gani da magariba. Yana kuma raunana jikin yaro, har ƙyanda ko zawo su fi yi masa illa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke ɗiga wa yara ƴan wata 6 zuwa shekara 5 wannan bitamin a baki, sau biyu a shekara. Kada a bar yaro ya rasa. Amma a cikin abinci ma ana samunsa: a ganye mai duhun kore kamar zogala da alayyafo, da kayan da cikinsu yake ja ko rawaya kamar kabewa, karoti da mangwaro. Jiki ba ya ɗaukarsa sosai sai da maiƙo. Ashe iyayenmu da suke kwaɗa ganye da ƙuli-ƙuli da ɗan mai sun yi daidai.

Ganye da wake suna kuma taimakon jini, musamman ga mata masu ciki da masu shayarwa. Ɗan tsami, kamar lemun tsami ko ɗanyen tumatir, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikinsu. Shan shayi nan take bayan cin abinci yana rage wannan amfani.

Jariri nono zalla zai sha har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Daga nan a fara ba shi kunu mai kauri, a sa masa ɗan garin zogala da tunkuza ko man gyaɗa, ana ci gaba da ba shi nono. Ganyen da za a daka gari, a shanya shi a inuwa, a kan tabarma mai tsabta, ba cikin rana ba, domin rana tana rage amfaninsa. Salati da duk abin da ake ci ɗanye, a wanke shi da ruwa mai tsabta. Takin da za a sa a garka kuma ya zama ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashi yana ƙona shuka, yana kuma kawo cutar ciki.

Hattara da maganin ƙwari

Garkar gida tana kusa da yara da kaji da tukunya. Magungunan da ake sayarwa a kasuwa cikin ƙananan kwalabe marasa takarda, irin su piya-piya, guba ne. Kada a fesa su a ganyen da za a ci. Kada a ajiye su a kwalbar lemo. Ko magani mai takarda, akwai kwanakin da ake jira bayan feshi kafin a tsinka, kuma an rubuta su a jikin kwalbar. Wanda bai gane ba, ya kai wa malamin gona ya karanta masa. Ƙwari ma suna sabawa da magani. Tsutsar tumatir da ta cinye lambunan Kano da Kaduna a 2016 ta gagari magunguna da yawa.

Ga ƴar garka, hannu ya isa yawancin aikin. A duba bayan ganye da safe, a tsince tsutsa da ƙwai. In sun yi yawa, a daka busassun ƴaƴan dogon yaro rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10, a bari ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki, a yayyafa da maraice, sau ɗaya a mako. A wanke ganyen da kyau kafin a dafa, saboda ɗaci.

Ga masu cewa ba mu gada ba

Ina girmama dattawan da suke faɗin haka, amma ina da tambaya. Barkono da tumatir da rogo da gyaɗa da masara, duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne. Dogon yaro da zogala da mangwaro daga wajen Indiya suka zo. Akwai ranar da wani manomi ya fara shuka su a ƙasar Hausa, maƙwabta suna yi masa dariya. Ko barin ƴaƴan gawo su tashi a cikin gona, wanda ake kira sassaben zamani, ya bazu ne a gonakin Magarya da Matameye da Mirya bayan shekarun fari, har masu bincike daga ƙasashen waje suna zuwa kallo. Wani ya gwada, maƙwabcinsa ya ga geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi kyau, shi ma ya yi.

Wanda yake son gwadawa, ya fara da kaɗan: tulu ɗaya ko biyu, da gindin zogala biyar. Darni kafin iri. Zogala a shuka ta cikin damina. Tumatir da salati da shu, ga mai sonsu, a yi renonsu a Oktoba ko Nuwamba. Alayyafo da yakuwa da kuɓewa a tanade su domin lokacin zafi. Ku ɗauki littafinku na yaƙi da jahilci, ku ware shafi ɗaya. Ku rubuta ranar shuka, da yawan bidon da kuka zuba kowane mako, da kowace ranar da aka tsinki ganye aka sa a tukunya. In damina ta faɗi, ku kawo shafin a cibiya, mu karanta tare da na sauran ɗalibai, mu ga wace dabara ce ta fi dacewa da ƙasar kowane ƙauye.

Ni dai na mayar wa Inna da irin da na ara, har da ƙari. Ta zuba a tafin hannu, ta hura, ta tsince marasa kyau, ta mayar da sauran cikin gora. Bana ta ce a binne mata tulu ɗaya a bayan ɗakinta, tana son ta sa lalo.